Yadda ake lissafin ruwan kogi a kwamfuta: jagora daga kwarin Densu

A Akra abu biyu kan faru a shekara guda. A buɗe ƙofofin madatsar Weija da ke kan kogin Densu don ruwa ya yi yawa, ya shiga ɗakunan mutane a Tetegu da Oblogo, kamar yadda aka gani a watan Oktoban 2022. Sannan a cikin unguwanni ka tarar da yara sun jera jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, suna jiran tanka ko famfon maƙwabci. Akwai rashin tsari a ciki, babu musu. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambayoyin da lissafi ne kaɗai ke amsa su: ruwa nawa ke sauka a kwarin kogin, a wane wata, nawa ake ɗiba, nawa ke salwanta, kuma ina za a kwana nan da shekara 20 in zafi ya ƙaru, jama'a suka ninka?

Na rubuta wannan ne don ɗalibanmu na zango da ke karatu a Jami'ar Gana da ke Legon ko a jami'ar KNUST ta Kumasi, da ma'aikatan majalisun gunduma, da matasan ƙungiyoyin unguwa masu kwamfuta a hannu. Unguwanninmu da yawa suna cikin kwari ko a bakin kwata, kuma mu ne kan fara jin jiki in famfo ya ɗauke. Bai kamata a ce in an zauna teburin rabon ruwa babu namu ko ɗaya da ya san yadda aka fitar da alkaluman ba.

Samfurin ruwa a kwamfuta littafin shiga da fita ne irin na ɗan kasuwa. Abin da ya shigo shi ne ruwan sama. Abin da ya fita shi ne wanda rana da tsirrai suka shanye, da wanda ya gangara kogi, da wanda mutane suka ɗiba. Ragowar kuwa tana ajiye a cikin ƙasa ko a madatsa. Duk wata manhaja, komai tsadarta, wannan lissafin take yi wata-wata ko kullum-kullum. In ka riƙe wannan, sauran ba zai ruɗa ka ba.

Fara da tambayar da wani ke jiran amsarta

Kafin ka sauke kowace manhaja, rubuta tambayarka a layi guda. "Ina so in yi nazarin kogin Densu" buri ne, bai zama tambaya ba tukuna. Tambaya ita ce: shin tafkin Weija zai iya shayar da yammacin Akra a watannin Janairu zuwa Maris na 2045 in aka jera shekara biyu damina ba ta yi kyau ba? Ko kuwa: in aka sare kashi ɗaya cikin huɗu na dajin da ke saman kogin, ambaliyar Nsawam za ta ƙaru da nawa?

Tambayar ce ke zaɓa maka komai. Ta ƙarancin ruwa lissafin wata-wata ya ishe ta. Ta ambaliya sai da bayanan kullum, wani lokaci ma na sa'a-sa'a, don ruwan da ya halaka mutane a da'irar Kwame Nkrumah ta Akra ranar 3 ga Yuni 2015 cikin 'yan sa'o'i ya sauka, kuma matsakaicin lissafin wata ba zai nuna shi ba. A wannan jagorar zan fi tsayawa kan ƙarancin ruwa.

Shata iyakar kwarin

Kwarin kogi shi ne duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa zuwa wannan kogin. Densu ya taso ne daga tsaunukan Atewa a Yankin Gabas, inda Birim da Ayensu ma suka samo asali, ya bi ta kusa da Koforidua, ya ratsa Nsawam, ya cika tafkin Weija, sannan ya shiga teku a yammacin Akra. Tsawonsa kimanin kilomita 116, faɗin kwarinsa kuwa wajen murabba'in kilomita 2,500.

Sauke manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce. Ɗauko taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda aka auna daga sararin samaniya a shekarar 2000, kowane ɗigo nata na wakiltar mita 30. Nuna wa manhajar bakin madatsar Weija a matsayin mafita, za ta zana maka iyaka da rassan kogin. Kada ka amince da zanen sai ka ɗora shi a kan hoton tauraron ɗan'adam ka gani da idonka. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa manhaja kan karkatar da rafi inda babu shi, kuma ba ta san kwalbati ko hanyar mota da ta tare ruwa ba. Daga nan raba kwarin gida uku ko huɗu: saman da ke da daji, tsakiyar da ke da gonakin koko da abarba, da ƙasan da gine-gine suka cinye. Raba shi gida hamsin alhali ma'aunanka ba su kai biyar ba wahalar da kai ne kawai.

Bayanai: nan ne aikin yake

Rabin lokacinka a nan zai tafi, kuma haka ya dace.

Ruwan sama da zafi suna hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Gana. Awon kwararar koguna yana hannun Hukumar Awon Ruwa ta Gana, wadda dokar 2022 ta ɗaukaka daga matsayin sashen ma'aikata. Hukumar Albarkatun Ruwa, da aka kafa da doka mai lamba 522 ta 1996, ita ke ba da lasisin ɗibar ruwa, don haka rajistarta za ta nuna maka manyan masu ɗiba. Kamfanin ruwa na ƙasa yana da tarihin tsayin tafkin Weija da yawan ruwan da ake tacewa kullum. Je da wasiƙa daga makarantarka ko ma'aikatarka, ka faɗi tashoshin da kake so da shekarun, ka kuma shirya biyan kuɗi a wasu wuraren. Nemi aƙalla shekara 30 na ruwan sama. Na kwararar kogi, duk abin da ka samu ka riƙe shi da hannu biyu.

Abin lura a kwarin Densu shi ne ruwan sama ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Gaɓar Akra na samun wajen milimita 800 a shekara, dajin Atewa kuwa ya kusa ninka haka. Wanda ya ɗauki ma'aunin filin jirgin saman Akra ya shimfiɗa shi a kan kwarin gaba ɗaya ya busar da kogin a kwamfutarsa tun kafin ya fara. Damina kuma biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan tsaiko a Agusta. Samfurin da bai nuna tozo biyu a shekara ba bai kama kudancin Gana ba.

Inda tashoshi suka yi ƙaranci, akwai CHIRPS, bayanan ruwan sama da ke haɗa tauraron ɗan'adam da ma'aunan ƙasa, daga 1981 zuwa yau, kowane ɗigo wajen kilomita 5. Na zafi, iska da hasken rana akwai ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai. Dukkansu kyauta ne, amma ka gwada su da tasha ta ƙasa tukuna: jera jimillar wata-wata ta CHIRPS kusa da ta tashar Koforidua na shekara goma, ka ga ko suna tafiya tare. Irin waɗannan bayanai sun fi dacewa a jimillar wata fiye da ruwan yini guda mai ƙarfi.

Awon kogi kuwa, yana da kyau ka san yadda ake samunsa, don ka san iyakar amincinsa. A gindin gada akwai sandar awo mai lambobi kafe a bakin ruwa. Mutum ne ke zuwa, galibi safe da yamma, ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi. Abin da ya rubuta tsayi ne, ba yawan ruwa ba. Ana mayar da tsayin zuwa kubik mita a daƙiƙa ne da wani jadawali da injiniyoyi suka haɗa bayan sun auna gudun ruwan a lokuta daban-daban. To in yashi ya cike gindin kogin, ko masu haƙar yashi suka zurfafa shi, jadawalin ya tashi aiki, ko da kuwa mai karatun bai taɓa fashi ba. Ranar babbar ambaliya kuma, wadda ka fi bukatar lambarta, ita ce ranar da ruwa kan shanye sandar ko ya hana mutum isa wurin.

Saboda haka zana bayanan a hoto kafin ka yi komai da su. In ka ga lamba guda ta maimaitu kwana 20 a tsakiyar damina, cike gurbi aka yi. In kogi ya cika alhali babu ruwan sama a makon, ko dai kwanan watan ya goce, ko ruwan ya sauka inda babu ma'auni. Kuma ka bambanta sifiri da gurbi: sifiri na nufin an duba ba a ga ruwa ba, gurbi na nufin ba a duba ba. Cike gurbi da sifiri ya ɓata ayyuka masu yawa.

Sannan ka taka da ƙafarka. A garuruwan bakin kogi akwai dattawan da suka riƙe tarihin ruwa fiye da kowane fayil. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce, "Baba, shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya?" Zai kai ka jikin bango ya ɗora yatsa a kan tabon. Auna tsayin, ɗauki wurin da wayarka, tambayi shekarar. Haka za ka tambayi lokacin da kogin ya taɓa yankewa har aka taka shi da ƙafa. Farin 1983 na nan a ran duk wanda ya gan shi. Waɗannan shaidu su ne za ka auna samfurinka da su a inda takarda ta yi shiru.

Na amfanin ƙasa, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, na Sentinel-2 kuma daga 2015 da ɗigon mita 10. Kwatanta hoton 1990 da na bana a kewayen Weija, Amasaman da hanyar Kasoa, za ka ga yadda kwano da siminti suka maye gurbin ciyayi. Na irin ƙasa, SoilGrids ko taswirar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun isa a fara.

Yi lissafin hannu kafin manhaja

Buɗe Excel. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 1,000 ne. A ɗauka, don misali, matsakaicin ruwan saman kwarin milimita 1,200 ne: sau 2,500, ya ba ka kubik mita miliyan 3,000 a shekara. Yanzu tara abin da ma'aunin kogi ya nuna a shekara, ka tuna kubik mita ɗaya a daƙiƙa daidai yake da 86,400 a yini. Raba na kogin da na saman. A ƙasa mai zafi da tsirrai irin wannan, mafi yawan ruwan sama yana komawa sama ne ta tiriri da ganyaye, ɗan kaso ne ke isa kogi. In lissafinka ya ce kashi 70 cikin ɗari ya gangara, akwai kuskure a bayanan ko a ma'aunin da ka juya. Wannan aikin na rabin yini zai hana ka yarda da shirme in manhaja ta fito da shi cikin kyakkyawan zane.

Wace manhaja?

WEAP, ta Cibiyar Muhalli ta Stockholm, an gina ta ne don rabon ruwa: ga madatsa, ga gari, ga gona, wa zai fara samu in ruwa ya gaza. Lasisinta kyauta ne ga jami'o'i, hukumomi da ƙungiyoyin sa-kai na ƙasashe masu tasowa. SWAT, ta sashen binciken noma na Amurka da jami'ar Texas A&M, ta fi ƙarfi wajen nuna abin da sare daji ko sauya gona ke yi wa kogi da laka, amma tana cin bayanai da yawa. HEC-HMS da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka na ambaliya ne. Akwai kuma ƙananan samfura na Faransa, GR2M mai maɓallan saiti biyu, wato lambobin da ake gyarawa har samfurin ya dace da kogi, da GR4J mai huɗu, waɗanda ke aiki ko a Excel.

Ga tambayar Weija, shawarata WEAP ce, wata-wata. Mai farawa da SWAT yakan ƙare da maɓallai masu yawa da ba shi da awon ko ɗaya a cikinsu, sai ya dinga murɗawa har layi ya hau layi ba tare da ya san dalili ba.

Shigar da mutane

Littattafai kan yi saurin wuce wannan sashe, alhali a kwarin Densu shi ne ya fi motsi. Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 4 a Yankin Akra, ta 2021 ta sami kusan miliyan 5 da rabi. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin shekara 24. Mutum miliyan ɗaya, in kowa na amfani da lita 100 a yini, kubik mita 100,000 ke nan kullum, miliyan 36 da rabi a shekara.

Ka kula da bambancin abin da mutane ke samu da abin da suke bukata. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a Sukura ko Fadama, da ke sayen ruwa jarka-jarka, yana amfani da kaɗan ne don tsada da wahalar ɗauka. Ranar da famfo ya zo kullum, amfaninsu zai tashi. In ka ɗauki abin da ake sha yau a matsayin bukata, ka rubuta ƙishin talaka a cikin shirin shekara 20 ke nan, kamar haka ya kamata ya zauna. Sa bukata ta gaskiya, ka bar samfurin ya nuna giɓin.

Ƙara ruwan da ke salwanta tsakanin matatar da gidaje. An daɗe ana ba da rahoton cewa kusan rabin ruwan da ake tacewa a biranen Gana ba ya dawo da kuɗi, wani ta fashewar bututu, wani ta haɗin sata, wani ta rashin mita. Na fashewar bututu ne asarar ruwa ta zahiri, shi za ka raba daban. Ƙara masu noman rani da injin ban-ruwa a bakin kogi, da masana'antu, da masu fiya wata, da rijiyoyin burtsatse da ba a ƙidaya su ba. Waɗannan na ƙarshe suna jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne ke riƙe kogi da rai a lokacin hunturu. A Akra ma ka tuna ba Weija kaɗai ke shayar da birni ba: gabashi na sha ne daga Kpong a kan kogin Volta, don haka sai ka san unguwannin da ke kan kowane layi.

Kogin kansa yana da haƙƙi. Bakin Densu wuri ne da yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan fadamu ta kare tun 1992, kuma matan Tsokomey da Bortianor masu tsintar kawa da masunta suna ci daga gaurayar ruwan daɗi da na gishiri a wurin. Sa mafi ƙarancin ruwan da dole a sake musu a matsayin bukata mai lambarta.

Ita madatsar, wadda aka kammala a 1978, tana bukatar abu uku a samfurin: jadawalin da ke nuna yawan ruwa a kowane tsayi, tiririn da ke tashi daga fuskar tafkin, da ƙa'idar buɗe ƙofofi. Tambayi shekarar da aka yi jadawalin. Laka na taruwa a gindin tafki kowace damina, tsohon jadawali zai ba ka ruwan da babu shi.

Saiti da jarrabawa

Yanzu ka kunna samfurin da ruwan saman shekarun baya, ka kwatanta kogin da ya fitar da wanda aka auna. Ba za su dace ba da farko. Raba shekarunka gida uku. Shekara biyu ko uku na farko na ɗumama ne, ƙasar cikin kwamfuta na neman daidaita danshinta, kada ka lissafa su. Kashi biyu cikin uku na ragowar na saiti ne. Sauran ka ɓoye su, kada ka taɓa sai ka gama. Tabbatar kowane kashi na da shekarar fari da ta ruwa.

Yi saitin bi da bi. Fara da jimillar shekara: in ruwan samfurin ya fi na gaskiya yawa, galibi tiririn da ka sa ya yi kaɗan. Sai ka duba tsarin watanni, ko tozon Yuni da na Oktoba sun faɗo a inda suke. Daga ƙarshe ka zauna a kan wutsiyar rani, yadda kogin ke janyewa daga Disamba zuwa Maris, don a nan amsar tambayarka take. Murɗa maɓalli ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka canza da abin da ya biyo baya. Kowane maɓalli kuma ya tsaya cikin abin da hankali zai ɗauka. In sai ka ba ƙasa zurfin da babu irinsa a kwarin kafin layuka su haɗu, matsalar tana wani wuri.

Akwai ma'aunin Nash da Sutcliffe na 1970 da kowa ke kawowa. In ya ba da 1, dacewa ta cika. In ya ba da sifiri, samfurinka bai fi wanda ya ɗauki matsakaici ya zauna ba. An saba karɓar abin da ya haura 0.5 a lissafin wata. Amma wannan ma'auni ya fi jin manyan ambaliya, yana iya ba ka 0.8 alhali samfurin ya ninka ruwan Fabrairu. Don haka haɗa shi da kason son kai, wato ko samfurin na yawan ƙari ko ragi, sannan ka zana watannin rani su kaɗai ka duba.

Bayan haka fito da shekarun da ka ɓoye, ka gudanar ba tare da taɓa komai ba. In sakamakon ya faɗi warwas, samfurin haddace shekarun saiti ya yi, bai koyi kogin ba. Koma baya. Kada ka gyara maɓallai da shekarun jarrabawa sannan ka kira ta jarrabawa.

Gobe: yanayi da mutane, kowanne daban tukuna

Samfuran yanayi na duniya sun haɗu a kan cewa zafi zai ci gaba da ƙaruwa a Afirka ta Yamma. A kan ruwan sama kuwa sun rabu, wasu na nuna ƙari, wasu ragi. An kuma san iska mai ɗumi na ɗaukar ƙarin danshi da wajen kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri guda, abin da ke sa ruwa in ya tashi sauka ya zo da ƙarfi. Ma'anar wannan ga kogi ita ce jimillar shekara na iya zama yadda take, amma rabonta ya canza: ambaliya a Yuni, ƙishi a Fabrairu, ga tiriri ya ƙaru.

Don haka kada ka ɗauki samfurin yanayi guda ka gina shiri a kansa. Ɗauko biyar ko fiye daga CMIP6, tarin samfuran yanayi na duniya, ko daga CORDEX na Afirka da aka tace don yanki, a ƙarƙashin tafarki biyu aƙalla na yawan hayaƙin da duniya za ta fitar, matsakaici irin SSP2-4.5 da mai tsanani irin SSP5-8.5. Kada ka zuba ruwan samansu kai tsaye a samfurinka, don suna da karkata, kuma da yawansu ba sa kama damina biyu ta gaɓar teku da kyau. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki canjin kawai: kwatanta abin da samfurin ya ce na 2041 zuwa 2070 da abin da ya ce na 1985 zuwa 2014, wata-wata. In ya ce Mayu zai ragu da kashi 8, rage kashi 8 daga duk Mayun bayananka na gaskiya. Rauninta shi ne tana maimaita jerin shekarun da aka riga aka gani, saboda haka ka ƙara gwaji na musamman: jera shekara mafi fari sau biyu ko uku a jere ka ga abin da tafkin zai yi.

Ni na fi ba da ƙarfi ga wata hanya da ke tafiya tare da wannan. Yi jadawali: ruwan sama ya ragu da kashi 20, da 10, ya tsaya, ya ƙaru da 10, kowanne da ƙarin zafi na digiri 1 da na 2. Gudanar da duka. Za ka ga daidai inda tsarin ke karyewa. Sannan ka koma ga samfuran yanayi ka tambaya: nawa ne a cikinsu ke kai mu wannan wurin? Shugaban gunduma zai fi fahimtar "in damina ta ragu da kashi goma, tafkin zai gaza a shekara ɗaya cikin biyar" fiye da sunayen samfura.

Ɓangaren mutane ma haka: ƙaruwar jama'a mai sauri da mai sauƙi, bunƙasar gine-gine, sare dajin Atewa ko kare shi, faɗaɗa noman rani. Gudanar da yanayi shi kaɗai, mutane su kaɗai, sannan ka haɗa. Ta haka ne za ka iya cewa kaso kaza na giɓin daga sama yake, kaso kaza daga hannunmu. Wannan rarrabewa na da muhimmanci, don ana yawan jingina wa sauyin yanayi abin da bututu mai yoyo da gini a bakin tafki suka jawo, kuma waɗannan ana iya gyara su da kasafin bana.

Kada ka manta da ingancin ruwa. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa ya sanar cewa dauɗar kogin Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin gurɓata, alhali an gina matatar don 2,000, saboda galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Kogi na iya cika taf amma matata ta kasa tace shi. Sa gwajin da matata ke rasa wani kaso na ƙarfinta na wasu watanni. 'Yan'uwa na Kumasi da za su yi wannan aiki a kan kogin Offin da madatsar Barekese, ko Owabi da gidaje suka kewaye, wannan gwaji da na laka su ne za su fi ba su aiki.

Gwada magunguna, ka kai wa masu shi

Samfurin ya fara biyan wahalarsa ne a lokacin da ka sa matakai a ciki ka gwada su: rage yoyon bututu da kashi ɗaya cikin uku, ƙaro ruwa daga Kpong, yashe tafki, dasa itatuwa a gaɓar kogi kamar yadda manufar kare gaɓoɓi ta 2011 ta tanada, tara ruwan rufin masallatai da makarantu, sauya ƙa'idar buɗe ƙofofi ta yadda za a fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan kafin tafki ya cika. Auna kowanne da abu uku: wata nawa cikin ɗari bukata ba ta biya ba, giɓi mafi tsawo wata nawa ya ɗauka, kuma ya kai kashi nawa. Matakin da ya yi aiki a mafi yawan gwaje-gwajen shi ne abin fara kashe wa kuɗi, ko da bai zo na ɗaya a kowanne ba.

In za ka ba da sakamako, ba da shi da faɗinsa: daga kaza zuwa kaza, tare da shekarun da ba ka da awonsu da abin da ka ɗauka a madadinsu. Kai shi ofishin hukumar kwarin Densu da majalisar gunduma, ka kuma kai shi gaban sarkin zango, limamai da shugabannin mata, da Hausa, a takarda guda mai zane biyu. Hajiyar da ke sayar da ruwa a tanki ta san watan da tanka ke tsada da wanda famfo ke yin mako bai zo ba. In zanenka ya ce Maris lafiya lau, ita kuma ta ce a Maris ne take rufe famfo, koma ka binciki layin da ke kawo wa unguwarta ruwa.

Ajiye komai a babban fayil guda: ɗanyen bayanai da ba a taɓa ba, waɗanda aka gyara da dalilin gyaran, littafin saiti, da lambar fitowar manhajar da ka yi aiki da ita. Ba wa wani abokin karatu ya gudanar a kwamfutarsa ba tare da kana kusa ba, ka ga ko zai sami lambobinka. Duk Disamba, bayan ƙaramar damina ta ɗauke, karɓo awon shekarar ka ƙara, ka duba tsayin da samfurin ya ba tafkin da wanda sandar Weija ta nuna. In suka fara rabuwa shekara biyu a jere, lokacin sabon saiti ya yi, kuma abu na farko da za ka duba shi ne sabon hoton amfanin ƙasa da jadawalin tafkin.